La'asar Ta Ƙi Ƙarewa, Wata Na Gudu: Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Awon Lokaci

Duk shekara, da azumi ya kai ashirin da 'yan kai, magana ɗaya za ka ji a majalisun Katsina, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa: "Kai, azumin bana gudu yake yi!" Mai faɗin haka kuwa shi ne wanda jiya da la'asar sakaliya ya ciro waya ya duba agogo, ya mayar aljihu, ya sake cirowa, yana rantsuwa rana ta maƙale a sama. Mutum ɗaya ne, wata ɗaya ne. Yininsa ya ƙi ƙarewa, watansa kuma ya ƙare ba shiri. A lissafi hakan ba ta yiwuwa, tunda wata tarin kwanaki ne. Amma a duka maganganun biyu bai yi ƙarya ba.

Tushen abin shi ne, jikin ɗan Adam ba shi da gaɓar jin lokaci. Haske na da ido, sauti na da kunne, ɗanɗano na da harshe. Lokaci ba ya bugun wata jijiya ya ce ga ni. Ƙwaƙwalwa kintatarsa take yi daga wasu abubuwa: motsin jiki, bugun zuciya, inda hankali ya karkata, da yawan abin da aka ajiye a rai. Kuma ba da ma'auni ɗaya take wannan aiki ba. Wanda ke lissafin kwana daban, wanda ke rarrabe ƙyaftawar ido daban, wanda ke ƙiyasta mintoci daban, wanda ke waiwayen shekaru daban. Ba sa shawara da juna, shi ya sa amsoshinsu ke cin karo.

Wanda ya fi riƙon amana a cikinsu shi ne agogon kwana. A ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan gungu na ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000, girmansa bai kai ƙwayar shinkafa ba. Shi ke tsara lokacin da barci zai zo, lokacin da zafin jiki zai sauka can cikin dare, da lokacin da za a saki sinadarin melatonin mai kawo gyangyaɗi. Yadda agogon ke aiki kuwa, a cikin waɗannan ƙwayoyi wata ƙwayar gado ce, wato ɗan umarnin halitta da ake gada daga iyaye, ke sa a ƙera wani furotin. Furotin ɗin ya yi ta taruwa cikin dare, in ya yi yawa sai ya koma ya toshe ƙwayar da ta haife shi, sannan ya riƙa narkewa da rana har hanya ta sake buɗewa. Zagaye ɗaya na cin kusan awa 24. Amurkawa uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, su suka ware wannan ƙwayar gado a 1984, a jikin ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, aka ba su kyautar Nobel a 2017.

Na ce kusan awa 24, don bai cika daidai ba. Binciken Charles Czeisler na Jami'ar Harvard a 1999 ya sami matsakaicin zagayen mutum awa 24 da minti 11. Hasken safiya da ke shiga ido shi ke saita shi kullum. Saboda haka ne makafin da ba sa ganin ko ɗigon haske da yawansu barcinsu ke zamewa, yau dare gobe rana, kuma saboda haka ne mai gadi da nas mai aikin dare da direban dogon zango ke fama da jikinsu ko da sun rama barci da rana. Wanda ya kwashe goman ƙarshe yana tahajjud ya san sai an yi kwanaki da salla kafin barcinsa ya koma gurbinsa.

To amma wannan agogo, duk amanarsa, ba ya gaya wa hankali ƙarfe nawa. Wani matashi Bafaranshe mai nazarin duwatsu, Michel Siffre, ya nuna haka da jikinsa. Ranar 16 ga Yulin 1962 ya sauka cikin wani kogo mai ƙanƙara a tsaunukan Alps, ba agogo, ba hasken rana, sai wayar da yake kiran abokan aikinsa da ke bakin kogon duk lokacin da ya farka ko zai kwanta. Su ke rubuta lokaci, ba sa gaya masa. Jikinsa ya ci gaba da zagayen barci da farkawa na wajen awa 24 da rabi, ba tare da ya sani ba. Amma da aka ce masa wa'adi ya cika ranar 14 ga Satumba, shi a lissafinsa 20 ga Agusta ake. Kusan kwana 25 sun sulale masa. In aka ce ya ƙirga 1 zuwa 120, lamba ɗaya kowane sakan, sai ya ci minti biyar maimakon biyu. Jiki na riƙe da lissafinsa, hankali ya ɓata.

Mai karatun Alƙur'ani ba zai rasa tuna Ashabul Kahfi ba, waɗanda suka tashi bayan shekara 309 suna cewa yini ɗaya suka yi ko sashen yini. Wannan aya ce daga Allah, ba abin da ɗakin gwaji zai warware ba ne. Sai dai amsar da suka bayar irin ta ɗan Adam ce zalla: wanda bai ajiye komai a ransa ba tsakanin kwanciya da tashi, ba shi da abin awo. Haka wanda aka yi wa allurar barci a ɗakin tiyata yakan farka yana tambayar yaushe za a fara aikin.

A ɗaya gefen kuma akwai awon da ya fi ƙyaftawar ido sauri, kuma a nan ƙwaƙwalwa gwana ce. Mai kiɗan kalangu ba ya duba agogo, amma in ya yi jinkirin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba, mai rawa zai ji. Alaramma ya kama ɗalibi ya ja madda haraka huɗu inda ake jan shida, ba tare da ya ƙirga da yatsa ba. In aka kira ka daga hagu, sautin na isa kunnen hagu kafin na dama da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, kuma da wannan 'yar tazara kake sanin inda za ka juya. Ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya na da babban hannu a irin wannan awo, musamman na motsin jiki. Wanda ta samu matsala za ka ga tafiyarsa da maganarsa sun rasa daidaito.

Abin mamakin ma yana gaba. Haske na tafiyar kilomita 300,000 a sakan, sauti kuwa mita 340 kacal. Duk wanda ya tsaya nesa a filin Kangiwa ranar hawan salla ya ga hayaƙin bindigar 'yan bindigar sarki kafin ƙarar ta iso. Haka mai hangen mata na daka daga nesa, taɓarya ta sauka, sai ta ɗago sannan ya ji dukan. A cikin kai kuma lamarin juyewa yake: saƙon kunne ya fi na ido saurin sarrafuwa. Ga saƙon da ya taso daga ɗan yatsan ƙafa, tafiyarsa ta fi ta wanda ya taso daga hanci nisa ƙwarai. Duk da haka, in ka taɓa hancinka da ƙafarka lokaci guda, lokaci guda za ka ji su. In mutum na magana a gabanka, leɓensa da muryarsa tare suke. Wato ƙwaƙwalwa na ɗan dakatawa, ta tattara saƙonnin da suka iso a warwatse, ta jera su, sannan ta miƙa maka ta ce ga abin da ke faruwa yanzu. Wannan yanzun da kake ji, ya riga ya wuce da ɗan kaɗan.

Kuma jerin ana iya rikita shi. A 2006 David Eagleman da abokan aikinsa a Amurka sun sa mutane suna danna maɓalli, fitila na kamawa bayan ɗan jinkiri na wajen kashi ɗaya cikin goma na sakan. Da aka yi ta maimaitawa sai ƙwaƙwalwa ta saba, ta shafe jinkirin. Kwatsam aka rage shi. Sai mutane suka riƙa cewa fitilar ta kama tun kafin su danna. Ka ga abin da ya biyo baya ya koma gaba, kawai don ƙwaƙwalwa ta gyara lissafinta.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi a masallaci ko ofis mai agogon bango. Ka kawar da kai, sannan ka juyo da ido kan hannun sakan. Wani lokaci za ka ga kamar ya tsaya, ya ɗan daɗe kafin ya motsa. Dalili shi ne, ido na tsalle daga wuri zuwa wuri kamar sau uku a kowane sakan, kuma yayin tsallen ƙwaƙwalwa na danne abin da ke shigowa don kada duniya ta riƙa yi maka hazo-hazo. Giɓin da aka bari sai ta cike shi da hoton da idon ya sauka a kai, ta mayar da shi baya. Shi ya sa sakan na farko ke ƙara tsawo. Ka tsaya gaban madubi ka riƙa duban idonka na dama, sannan na hagu. Ba za ka taɓa ganin suna motsi ba, alhali wanda ke gefenka yana gani sarai.

Amma inda mutane suka fi jin abin a jikinsu shi ne tsakanin 'yan sakanni zuwa awa, awon jira da gajiya da nishaɗi. A farkon shekarun 1930 wani masani Ba'amurke, Hudson Hoagland, matarsa ta kwanta da zazzaɓin mura. Ya fita sayo magani, bai wuce minti ashirin ba, ya dawo ta ce ya daɗe ƙwarai. Maimakon ya tsaya musu irin na mata da miji, sai ya ɗauko agogo ya ce ta ƙirga sakan 60. Ya yi ta maimaitawa tsawon jinyar, yana auna zafin jikinta. Duk lokacin da zazzaɓin ya hau, sai ta gama ƙirgar da wuri. Agogon cikinta na gudu, don haka na bango ya zame mata mai nawa. Wanda ya taɓa kwana da zazzaɓin cizon sauro yana jiran kiran assalatu ya san wannan dare.

Daga irin wannan ne Michel Treisman ya kawo ra'ayi a 1963 cewa akwai wani abu a kai mai bugawa tik-tik, da wani mai tara bugun. In bugun ya yi sauri sai a ji lokaci ya yi tsawo. Ra'ayin ya yi amfani wajen lissafi, amma har yau ba wanda ya buɗe kai ya nuna wannan mai bugu. Abin da masu bincike da yawa suka fi karkata gare shi yanzu shi ne, dubban ƙwayoyin jijiya ne ke kunnuwa bi da bi cikin wani tsari, ƙwaƙwalwa kuma ta karanta inda tsarin ya kai ta san nawa ya wuce. Ɗakin binciken Joseph Paton da ke Lisbon a Fotugal ya gwada wannan a 2023 da ɓeraye. An koya musu rarrabe ko tazarar da ke tsakanin ƙara biyu ta haura sakan ɗaya da rabi ko ba ta kai ba. Sai aka riƙa ɗan ɗumama ko sanyaya wani curi da ke tsakiyar ƙwaƙwalwarsu. In an sanyaya, aikin ƙwayoyin ya yi nawa, ɓera ya ɗauki doguwar tazara a matsayin gajera. In an ɗumama, akasin haka. Shekara casa'in bayan zazzaɓin matar Hoagland, ɓera ya gaskata ta. Wannan curi da sinadarin dofamin yake aiki, shi ya sa masu ciwon karkarwa na Parkinson, wanda ke kashe ƙwayoyin da ke samar da dofamin, ke samun tangarɗa wajen ƙiyasin sakanni. Masu shan wiwi kuma an daɗe da sanin mintoci na miƙe musu.

Sai dai a rayuwar yau da kullum ba zafin jiki ne babban mai juya wannan awo ba. Hankali ne. Dan Zakay da Richard Block sun yi shekaru suna nuna cewa gwargwadon yadda ka zuba wa lokaci ido, gwargwadon yadda yake tsawo. In hankali ya tafi kan wani aiki, kason da ya rage wa ƙirga ya yi kaɗan, sai lokaci ya tsere. Tela a daren salla ya ɗaga kai ya ji zakara. Fasinjan da ke zaune a motar Daura a tasha, kwandasta na ta cewa saura mutum ɗaya, shi kuwa ba abin da yake yi sai sauraren mintoci. Rashin sanin ƙarshen jira ma na ƙara masa nauyi. In aka ce maka minti arba'in, za ka saki jiki ka yi wani abu. In aka ce yanzu-yanzu, kowane minti sai ka duba shi. Waɗanda suka kwana a layin banki farkon 2023 lokacin canjin kuɗi ba sa bukatar a yi musu bayani.

Ka duba rana ɗaya da aka sa ta biki. Ango na ganin watannin sun ƙi motsi, don ba abin da yake yi sai ƙirga. Uwar amarya kuwa, ga gado ga kujeru ga jere ga gara, kafin ta ankara an ce saura mako. Da Bahaushe ya ce rana ba ta ƙarya sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, ya san wa lokaci ke yi wa gudu.

Mai azumi da la'asar kuwa abu biyu ne suka haɗu masa. Yana kallon agogo, kuma jikinsa na ta kira. Masu bincike irin su Marc Wittmann na Jamus suna ganin sashen ƙwaƙwalwa mai karɓar rahoton cikin jiki, ƙishi da yunwa da bugun zuciya da zafi, yana cikin masu gina jin tsawon lokaci. In haka ne, duk abin da ya mayar da hankalinka kan jikinka zai ja maka mintoci. Ciwon haƙori na yi, baƙin ciki mai tsanani ma na yi. Masu ciwon damuwa sukan ce yini ba ya tafiya.

Wannan duk awon lokaci ne kana cikinsa. In ya wuce ka waiwaya, wani ma'aunin ne dabam ke aiki, kuma ba ruwansa da wancan. Tun 1890 William James ya lura cewa lokacin da ke cike da sababbin abubuwa gajere ne kana ciki, dogo ne in ka waiwaya, lokacin da babu komai cikinsa kuma akasin haka. Ƙwaƙwalwa a nan kamar mai shago ce da littafinsa: ranar da ba a yi wani ciniki na daban ba, ba ya buɗe mata shafi. In aka tambaye shi tsawon shekara, kaurin littafin yake dubawa.

Mai rubutun shi ne wani sashe da ake kira hifokamfus, ɗaya a kowane gefen kai. A 2011 ɗakin binciken Howard Eichenbaum da ke Boston ya bayyana wasu ƙwayoyi a cikinsa, a jikin ɓeraye, da kowace ke kunnuwa a nata lokacin cikin tazarar jira, wannan a farko, waccan a tsakiya, wata a ƙarshe, suna yi wa abin da ya faru lambar kafin da bayan. An san muhimmancin sashen tun daga Henry Molaison, wanda aka cire wa mafi yawansa a 1953 yana ɗan shekara 27 don maganin farfaɗiya. Ya rayu har 2008, yana hira lafiya lau, amma sabon abu ba ya zama a ransa. In aka tambaye shi shekarunsa sai ya faɗi ƙasa da gaskiya, don littafinsa ya daina ƙaruwa.

Da wannan ake gane alhajin da ya yi 'yan makonni a ƙasa mai tsarki ya dawo da labarin da zai yi shekaru yana bayarwa. Kowace rana sabuwa ce: Mina, Arfa, jifa, baƙin harsuna, baƙon abinci. Yana can kwanakin gudu suke, ya dawo kuma sai ya ji kamar ya yi rabin shekara. Da shi kuma ake gane kullen korona, wanda a jihar Katsina aka fara da Daura a Afrilun 2020. Ana ciki yini ya ƙi ƙarewa, yanzu kuma in ka ce mutum ya ba ka labarin makonnin, da kyar ya cika minti biyu. Ruth Ogden ta tambayi mutane a Ingila lokacin nasu kullen, fiye da kashi 80 cikin 100 suka ce tafiyar lokaci ta sauya musu, wasu ta yi sauri, wasu ta yi nawa.

Azumi ma haka. Kwanakin farko sababbi ne, jiki na koyo, ana lura da komai. Daga nan sai su zama iri ɗaya: sahur, aiki, tafsiri, buɗa-baki, asham. La'asar ashirin masu tsawo suka narke suka koma la'asar ɗaya. Mai kuka da la'asar hankalinsa ne ke magana, mai cewa wata na gudu kuma ajiyar ransa ce.

Sai tambayar da dattawa suka fi so: me ya sa shekara ta daina auki? Za ka ji tsoho a zaure yana cewa zamanin Sarki Usman Nagogo daga salla zuwa salla sai ka manta. Wani Bafaranshe, Paul Janet, ya ba da amsa tun 1877: shekara ɗaya ga ɗan shekara biyar kashi ɗaya ce cikin biyar na rayuwarsa, ga ɗan hamsin kuwa ɗaya cikin hamsin. Lissafin na da daɗin ji, amma ni ban gamsu da shi shi kaɗai ba, don ba wanda ke raba shekararsa da shekarun haihuwarsa kafin ya ji ta. Kuma da shi ne duka bayanin, da yinin tsoho ma ya fi na yaro gudu, alhali tsohon da ke kwance yana jinya zai gaya maka ba haka ba ne. A 2005 Wittmann da Sandra Lehnhoff sun tambayi mutum 499, daga ɗan shekara 14 zuwa 94. Game da makon jiya ko watan jiya, bambancin yaro da babba kaɗan ne. Inda ya fito fili shi ne da aka tambaye su saurin shekaru goman da suka wuce. Wato a waiwaye mai nisa abin yake, inda littafin ke aiki.

Yaro komai nasa na farko ne: ranar farko a makarantar allo, hawan keke, zuwa kallon hawa a kafaɗar yaya, ruwan farko da ya yi wanka a ciki. Ɗan shekara arba'in da biyar kuwa hanya ɗaya yake bi zuwa aiki, majalisa ɗaya, mutane ɗaya, hira ɗaya. Shi ya sa in aka ce tsoho ya ba da labarin rayuwarsa, mafi yawan abin da zai kawo daga ƙuruciya ne zuwa wajen shekara talatin. Tsohon da ke yabon aukin shekarun Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, yana mantawa cewa a lokacin shi yaro ne ko saurayi. Akwai kuma wani ruɗin da ke tafe da wannan: babban lamari yakan matso kusa a rai. Ka tambayi majalisa yaushe Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu, ka ce musu Mayun 2010, ka ga yadda za a riƙe baki, alhali jaririn da aka haifa a shekarar ya zama saurayi.

Na san wani zai kawo hadisin kusantar zamani, cewa shekara za ta zama kamar wata, wata kamar mako. Malamai da dama sun fassara shi da cire albarka daga lokaci, kuma wannan fage ne nasu, binciken ƙwaƙwalwa bai zo ya ture shi ba. Abin lura kawai, Ibn Hajar, wanda ya rasu a 1449, da ya zo sharhin wannan magana ya ce su ma a zamaninsu suna jin saurin wucewar kwanaki fiye da na zamanin da ya gabace su. Kukan ya girmi kakanninmu.

Abin da zan yarda sabo ne shi ne waya. A da, lokaci in ya cuce ka ta gefe ɗaya yakan biya ka ta ɗayan: jira mai tsawo ne amma ba ya barin komai, tafiya mai gudu ce amma tana cika rai. Zaman TikTok da Facebook ya haɗa asarar biyu. Yana kama hankali gaba ɗaya, don haka awa uku ta wuce ba a ji ba. Kuma bidiyo ɗari masu kama da juna, kowane na ture na bayansa, ba sa barin abin da za a rubuta. Ka tambayi wanda ya kwana a kai ya lissafa maka biyar daga abin da ya gani.

Saura tsoro, wanda ya fi kowa ruɗi. Wanda ya taɓa faɗuwa a kan babur yakan ce ya ga komai a hankali, tayar mota na matsowa, ƙasa na tasowa. Shin ƙwaƙwalwa na ƙara saurin gani ne a lokacin? Eagleman ya gwada a 2007 a birnin Dallas. Aka riƙa sako mutane da baya daga tsayin mita 31 zuwa cikin raga, da wata na'ura a wuyan hannu mai walƙiya da lambobi cikin saurin da ya ɗan fi ƙarfin ido. In da gaske duniya na rage gudu ga mai tsoro, ya kamata su iya karantawa suna faɗowa. Ba su iya ba. Amma da aka ce su ƙiyasta tsawon faɗuwarsu, sai suka ba ta kusan kashi 36 cikin 100 sama da wadda suka ba faɗuwar wasu da suka kalla daga ƙasa. Bayaninsa shi ne, tsoro na tayar da sashen da ake kira amigdala, a rubuta komai dalla-dalla, in an waiwaya sai a ga rubutu da yawa a ɗauka lokaci ne mai yawa. Mutanen gwajin kaɗan ne, kuma gani kawai aka auna, don haka masana ba su rufe muhawarar ba. Amma tsawaitawar kanta ba a musunta.

Wannan na da nauyi a kotu da ofishin 'yan sanda. A 1987 Elizabeth Loftus da abokan aikinta sun nuna wa mutane hoton fashin banki na sakan 30, bayan kwana biyu aka tambaye su tsawonsa. Matsakaicin amsa ya kai wajen minti biyu da rabi. Shaidan da ya ce an yi minti goma ana abu, aka gano minti uku ne, ba lallai maƙaryaci ba ne, kuma kuskurensa a kan tsawon lokaci ba ya rushe sauran abin da ya gani. Mai tambaya da ya san aikinsa ba zai ce minti nawa ba. Zai ce an yi sallar isha'i ko ba a yi ba, wa ka kira a waya, bari mu duba ƙarfe nawa kiran ya fita.

A asibiti ma haka. Yaro na zazzaɓi ya fara jijjiga, uwa ta rikice, in likita ya tambaya ta ce ya fi rabin awa, kuma har ranta haka ta ji. Mafi yawan jijjiga kan tsaya da kanta cikin minti biyu zuwa uku. Wadda ta haura minti biyar kuwa ta gaggawa ce, maganinta da binciken da za a yi sun bambanta, don haka likita na bukatar lambar gaskiya. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke cewa a kwantar da yaron ta gefe, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kuma wani daga cikin mutanen gidan ya duba waya tun farawar abin ya riƙe minti nawa ne. In ta kai biyar ba ta tsaya ba, a ɗauke shi zuwa asibiti ba tare da jiran komai ba.